Abin da Umma Ba Ta Faɗa Ba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Mai Labule, ina labarin Injiniya, yaushe za mu sha biki?", ku yi haƙuri da shirun da na yi muku sati biyu. Ba jan aji nake yi ba. Wallahi sau uku ina ɗaukar wayar nan zan rubuta, sai in kife ta a kan gado. Yau dai na ce ko da hawaye da majina sai na faɗa muku, don abin ya tokare min ƙirji.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce 'yar mai shagon nan da ake kira Labulen Umma. Umma ta buɗe shi da keken ɗinki ɗaya tun ina goye a bayanta. Yau shekararta biyu da wata uku da rasuwa. Ta bar min kekuna huɗu, teloli uku, da Abba, wanda har yanzu in ya shigo falo sai ya kalli kujerarta kafin ya zauna a tasa. Injiniya kuwa shi ne mai nemana. Ba gada yake ginawa ba. Aikinsa shi ne ɗaga shafukan 'yan kasuwa a intanet, yadda in mutum ya rubuta abin da yake nema a waya, su ne za su fara fito masa. Gwaggona, yayar Abba, ta kasa gane wannan aiki, ta ce, "Ba dai kwamfuta yake dannawa ba? To Injiniya ne." Suna ya bi shi.

Shagonmu yana da shafi a intanet, ni na buɗe shi tun ina makaranta. A ciki akwai wani ɓangare da muka sa wa suna Umma Ta Ce. Mata su turo tambaya kan labule, in karanta wa Umma tana kan keke, allura a gefen baki, ta ba da amsa, ni kuma in rubuta kai tsaye a shafin yadda ta faɗa, har da faɗanta. Wata ta tambayi yadda ake auna taga, Umma ta ce, "'Yata, kada ki auna da ido. Ido maƙaryaci ne, tef kuwa ba ya jin kunyar kowa." Wata ta turo hoton tsohon labulenta tana son sabo, Umma ta ce, "Kada ki saya. Wannan bai mutu ba. Ki kawo in juya shi in sake masa kalmasa, zai kai ki shekara uku." Na ce, "Umma, ciniki fa kika kora!" Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Rubuta abin da na ce." Matar nan daga baya duk gidajen 'ya'yanta biyar mu muka yi musu labule.

Guda ɗari da goma sha bakwai muka rubuta a shekara biyar. Bayan ta rasu na daina buɗe wurin. In na karanta layi biyu sai in ji muryarta a kunnena, ranar kuma ba ni da sauran amfani a shago. Amma na san suna nan, kuma sanin suna nan ɗin ya ishe ni.

Injiniya ya fara zuwa shagon ne don ya karɓar wa mahaifiyarsa labule, ita ma tsohuwar mai sayenmu ce. Ya tsaya yana latsa waya ya ce, "Kin san na neme ku a intanet sai da na kai sahu na bakwai kafin na gan ku? Wa zai yi haƙurin nan in ba mai son ki ba?" Ni kuwa uwar kunya na sunkuyar da kai ina naɗe tef ɗin da ba ya bukatar naɗi. Gaskiya ya faɗa, ciniki ya ja baya tun rasuwar Umma. Akwai ranakun da teloli ke wuni suna hira da hamma. Da zancenmu ya yi nisa ya ce in ba shi makullin shafin, wato kalmar sirrinsa, zai kai mu sahun farko cikin wata huɗu. Na ba shi.

Kuma ya cika alkawari. Duk wanda ya rubuta "labule mai araha", mu ne na biyu daga sama. Waya ta dinga ruri tun safe, oda a kan oda, har muka ƙara tela ɗaya. Gwaggo ta zo shago ta ga yadi jibge har ƙofa, ta tafa hannu ta ce, "Allah Ya yi wa yaron nan albarka! Namijin da ya ɗaga miki shago tun kafin ya ɗauke ki, ai ba a sake da shi." Abin da ban gaya wa Gwaggo ba shi ne, sababbin masu sayen nan daban suke. Ba sa gaisuwa. "Nawa ne na ƙarshe?" shi ne sallamarsu. Su saya sau ɗaya, ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba. Tsofaffin kuma, masu zuwa su zauna a benci su sha ruwa su tambayi Abba, sai na ga suna raguwa. Na ce ƙila hidima ce ta yi musu yawa.

Ranar Laraba da hantsi ina yanka wani yadi ruwan toka, sai ga Malama ta shigo. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, shekara goma sha takwas tana sayen labule a wurinmu. Ba ta amsa gaisuwata da fara'ar da ta saba ba. Ta ɗora wata babbar leda a kan tebur ta zazzage. Labulen karammiski ne ja, wanda Umma ta ɗinka mata da hannunta. Ya ƙanƙance, gashinsa ya kwanta, launin ya yi dabbare-dabbare.

"Innalillahi! Malama, me ya same shi?"

"Ke zan tambaya," in ji ta. "Jikata ce ta duba shafinku ta ce Umma ta ce a wanke karammiski da ruwan zafi. Na ce ƙarya ne. Ta nuna min, ga hoton uwarki a sama. Na ce to tunda ita ta faɗa, ƙila ni ce na manta."

"Umma ba za ta taɓa cewa haka ba."

"Na sani. Shi ya sa na zo." Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi. "Ba don labulen nake jin ciwo ba, 'yar nan. Na duba kwanan watan rubutun, watan jiya ne. Uwarki tana kabari shekara biyu, wa yake magana da bakinta?"

Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Na jawo waya na buɗe Umma Ta Ce, karo na farko cikin wata da watanni. Hoton yana nan, Umma da shuɗin ɗankwalinta, tef rataye a wuya. A ƙasa kuwa ga abin da aka rubuta:

"Umma ta ce: Kina neman labule mai araha? Labule mai araha yana Labulen Umma. Ki wanke labulen karammiski mai araha da ruwan zafi don ya yi haske. Sayi labule mai araha yau."

Na ja ƙasa. Na sake ja. Guda ɗari uku da wani abu, duk bakinsu ɗaya, araha, araha, araha. Umma da ko a mafarki ba ta son kalmar nan, takan ce araha ba ta ado. Na nemi na tef da ido maƙaryaci, babu. Na nemi na matar da aka ce kada ta saya, babu. Ko ɗaya daga cikin ɗari da goma sha bakwai ɗin ban gani ba.

Na roƙi Malama ta bar min labulen in ɗinka mata wani. Ta girgiza kai ta mayar da shi leda. "Wanda ta ɗinka nake so, ko a haka," ta ce. Ta fita ba ta ko zauna a bencin ba.

Ban tsaya canza riga ba, da zare a jikina da alli a hannu na tafi ofishin Injiniya. Ɗaki ɗaya ne a bene na biyu, tebur mai kwamfuta biyu, da farin allo a bango cike da sunayen shaguna da lambobi. Sunanmu yana can sama an zagaye shi da jan biro. Yana ganina ya miƙe da murmushi.

"Mai Labule da kanta! Zo ki ga, yau da safe mun taɓa na ɗaya na awa biyu."

Na ajiye masa wayar a gabansa. "Wa ya rubuta wannan?"

Ya karanta, murmushin ya ragu. "Manhaja ce take rubutawa. Ni kanun kawai nake dubawa. Wannan kuskure ne, yanzu zan cire shi."

"Ina na Umma?"

"Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina na Umma?"

Ya shafa ƙeya. "Na cire su. Ki saurare ni, don Allah. Rubutun nan babu mai nemansu. Wani a wata guda mutum huɗu suke buɗe shi. Ba su da kalmomin da mutane ke rubutawa, suna jan shafin ƙasa ne kawai. Babu wanda yake tashi da safe ya rubuta 'ido maƙaryaci ne'. Labule mai araha ake nema."

"Mutum huɗun nan su ne masu dawowa shekara goma sha takwas!"

"Su huɗun ne za su riƙe teloli huɗu? Ki tuna yadda na samu shagon. Telolinki barci suke yi a kan keke."

Ya faɗi gaskiya, shi ya sa abin ya fi min zafi. Na ce, "Wanda araha ta kawo, gobe araha za ta kai shi wani shagon. Su Malama ba araha ta kawo su ba. Sun zo ne don akwai matar da za ta ce musu kada su saya in ba su bukata. Ka ɗauki hotonta ka liƙa a kan ƙarya. Yau an ƙona labule da sunanta."

"Na bar hoton ne don mutane sun yarda da ita."

"To ka ji da bakinka. Yardar da ta tara shekara ashirin da biyar ka kwashe ka sayo sahu na biyu da ita."

Na ga idonsa ya kaɗa. Ni ma muryata ta karye, na daina faɗan na koma roƙo. "Ka dawo min da su. Ka sauke mu zuwa sahu na saba'in in ka ga dama. Ba ni da kwafinsu a ko'ina, kai tsaye nake rubutawa tana faɗa. Ba ni da muryarta a waya, ba ta yarda a ɗauke ta. Su kaɗai ne."

Sai a lokacin na ga ya gane. Fuskarsa ta sauya, ya jawo kujera ya zauna da ƙarfi. Ya ce kamfanin da ke riƙe mana shafin yana ajiye kwafi, amma na kwana talatin kawai. Shi kuma ya cire su wata uku da suka wuce. Ya ce zai rubuta musu, zai kira, zai bi duk hanyar da ya sani, in ba shi zuwa Asabar.

Asabar ɗin kuwa ita ce ranar da mahaifiyarsa da kawunsa za su zo gidanmu a yi maganar ranar aure.

Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Abba ban gaya masa komai ba, shi da intanet sai dai labari, wayarsa ma mai madannai ce. Gwaggo na gaya wa, don ta tare a gidanmu tun Alhamis tana juya mu, a wanke nan, a goge can, a sauke labulen falo a sa sabo. Ta same ni a ɗaki ina kuka a kan rigar da zan sa, doguwa ruwan zuma mai ɗinkin zare a wuya da hannu. Na kwashe komai na faɗa mata. Ta riƙe haɓa tana kallona.

"Oh ni! Yanzu a kan rubutun waya kike wannan kukan? Na ɗauka wata kika kama shi da ita."

"Gwaggo, maganar Umma ce."

"Uwarki tana bukatar addu'a ne, ba rubutu ba. Yaron nan yana shan wani abu? Ya taɓa ɗaga miki murya? Gyara ya zo yi ya taka wani abu, sai a ce ya yi kisan kai? Ke fa ba yarinya ba ce, sa'o'inki suna da 'ya'ya bibbiyu. Ki kuskura ki kunyata ƙanena a gaban baƙi, ni da ke ne."

Ta ɗauke rigar daga cinyata ta karkaɗe ta. Da ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, "Har da wanda ta yi min tsiya a kan labulen kicin ɗina?"

"Har da shi."

Ta fita da rigar a hannunta.

Ranar Asabar da la'asar na yi wanka na sa rigar. Gwaggo ta ɗaura min ɗankwali har sau uku kafin ya yi mata, ta fesa min turarenta mai hawa kai, ta sa min 'yan kunnen Umma masu kamar ɗigon ruwa. Ina jin motar baƙi ta tsaya, ina jin Abba yana musu maraba da muryar da rabon da in ji ta tun Umma na raye. Sai wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, yana waje a mota bai shigo ba.

"Kamfanin sun amsa. Babu. Na duba duk inda ake iya samun tsohon kwafin shafi, kanu shida kawai na samu, babu abin da ke ƙasansu. Ki yafe min."

Na zauna a bakin gado. Ban yi kuka ba, idona ya bushe ƙayau. Na rubuta masa abin da yake cina kwana uku: "Makulli na ba ka ka gyara. Wa ya ba ka izinin ka goge min uwa?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Kusan minti biyar. Sannan ya turo: "Ban so in nuna miki ba. Na gwammace ki ji haushina ni kaɗai. Amma ba na so mu fara zama da ɓoye-ɓoye." A ƙasa hoton hirarmu ne ta wata uku baya.

Saƙonsa na ranar ya ce: "Ga jerin tsofaffin rubutun da nake so in cire, guda 117. Ki duba, in akwai wanda kike so a bari ko ki kwafa, ki faɗa min kafin gobe." Ga fayil ɗin a liƙe, adireshin kowane rubutu ne kawai a ciki, ba rubutun kansa ba. A ƙasa ga amsata, bayan minti ɗaya tak: "Yi duk yadda ka ga ya dace, na yarda da kai." Har da jar zuciya guda biyu.

Jama'a, na tuna ranar. Ina kasuwa ne ina zaɓen yadi, oda ta yi min yawa, ina ciniki da hannu ɗaya ina amsa shi da ɗaya. Ban buɗe fayil ɗin ba. Ko lambar ban karanta ba, lambar da na sani fiye da lambar takalmina. Kwana uku ina tsine wa hannun da ya goge maganar Umma, ashe nawa hannun ne ya ba da izini. Da na sani ƙeya ce, amma ban taɓa sanin tana da nauyi haka ba.

Gwaggo ta leƙo. "Taso, Abbanki na kira. Ki saki fuskar nan."

Na miƙe na bi ta. Falo ya sha gyara, sabon labule ruwan madara har ƙasa, kofunan baƙi a jere a kan tebur. Mahaifiyar Injiniya ta jawo ni ta zaunar kusa da ita tana sa min albarka, kawunsa yana gyaɗa kai. Abba yana cikin farar rigarsa ta zuwa taro. Kujerar Umma babu kowa a kai, ya hana a zauna.

Bayan an gaisa Abba ya yi gyaran murya. "Kafin mu shiga maganar rana, akwai abin da nake so. Uwar yarinyar nan ba ta ga wannan zama ba, amma ba za a yi shi babu bakinta ba." Ya juyo gare ni yana murmushi, idonsa da ruwa. "Akwai wanda ta sa kika rubuta a kan labulenmu na farko, lokacin da muke ɗaki ɗaya ba mu da komai, ta raba zanen gado biyu ta rufe mana taga da shi. A ƙarshensa ta yi wa masu sabon aure nasiha. Sau ɗaya na ji shi, ranar da take faɗa miki, ban sake iya neman a karanta min ba. Yau zan iya. Buɗe wayarki."

Na kalli Gwaggo. Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Mahaifiyar Injiniya ta ce, "Allah Sarki, baiwar Allah, a karanta mana mu sha albarka." Wayar tana hannuna.

Abba ya gyara zama, ya cire tabarau ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido.

"Karanta, 'yata," ya ce. "A hankali, yadda take magana."